Ranar da moto ya yi shiru a garka

Ƙarshen bazara ne, lokacin da ake ɗaga kai a dubi gabas ba a ga komai ba sai farin sama. Shekarar nan zafi ya zo da wuri, ya kuma ƙi tafiya. Rijiyarmu ta ja baya har sai da maigida ya shiga ya ƙara mata zurfi sau biyu. Mutane sun yi saurin fushi, ko gaisuwa a taƙaice ake yin ta. Abin da na fi tunawa shi ne ƙishirwar da ba ta ƙarewa: ka sha ruwa, kafin ka ajiye moɗa maƙogwaronka ya sake bushewa.

Muna zaune a garka a lokacin, wato lambunmu da ke bakin kori, busasshen rafi, arewa da Agadez. Tafiyar minti arba'in ce a moto, wato babur, in rairayi bai yi gardama ba. Da ƙafa kuwa, da rana tsaka, ba a ma zancenta. Manyan yaranmu suna gari wajen ƙanwata saboda karatun lakkol. Mu huɗu ne a garka: ni, maigida, mahaifiyarsa da nake ce wa Inna, da autarmu mai shekara huɗu.

Moton maigida tsoho ne, amma yana kai mu yana dawo da mu. Matsalarsa ɗaya: kik ɗin da ake takawa da ƙafa ya lalace tun bara, in an taka sai ya zame ƙasa kawai. Kullum maigida sai ya ce in ya shiga gari zai gyara. Ya shiga gari ya fi sau talatin. Don haka da maɓallin demarer kaɗai ake tayar da shi, wanda ake dannawa da babban yatsa, shi kuma da wutar batir yake aiki.

A garake kuwa batirin moto shi ne kuran ɗinmu, wato wutar lantarkinmu. Da shi ake cika salula, da shi ake kunna rediyo. Kowa haka yake yi: a kwance shi, a ci moriyarsa, a mayar. A gidanmu dokar ita ce maigida kaɗai ke taɓa shi.

Ranar Talata da rana, maigida yana cikin rijiya yana haƙa, Inna ta kwanta ƙarƙashin rumfa tana numfashi sama-sama. Na yi mata fifita har hannuna ya gaji. Muna da wata ƴar bantilater, wato fanka, ta roba, faɗinta bai wuce faifai ba, wadda ake maƙala wa batir. Na sha ganin yadda maigida ke yi. Na ɗauko wuƙa, na kwance murfin gefen moto, na ciro batir. Inna ta samu iska har la'asar, ta yi barci.

Wajen mayarwa ne na rikice. A jikin batir akwai alamu biyu da na sani tun makarantar manya, alamar tarawa da ta ɗebewa. Na karanta su sarai. Amma fil ɗin moton, wato igiyoyin wutar da ake ɗaurawa, duka biyun baƙaƙe ne, don wani mai gyara ya taɓa canja jan da baƙi. Maigida da ido yake gane su. Ni na yi cinke. Ina taɓawa sai tartsatsi ya tashi, na ji wani ɗan ƙara, ƙas, kamar an karya tsinke. Na janye hannu da sauri, na juya su, wannan karon ba tartsatsi. Na ɗaure da bakin wuƙa iya ƙarfina, na rufe. Makulli yana aljihun maigida a cikin rijiya, ban da halin gwadawa. Na ce a raina ai na gyara. Ban faɗa wa kowa ba.

Washegari, Laraba, bayan azahar, ina wanke tukunya sai na ji ihun auta daga bayan rumfa inda muke tara itace. Ba kukan faɗuwa ba ne, uwa ta san bambanci. Na iske ta tana riƙe da ƙafarta ta hagu, ga kunama kuma tana tafiyarta a hankali zuwa ƙarƙashin itacen, baƙa, mai kaurin wutsiya. Duk wanda ya zauna wajenmu ya san irin nan. Babba zai sha azaba kwana ɗaya ya tashi. Ƙaramin yaro kuwa, in ba a kai shi likita da wuri an yi masa allura ba, sai abin da Allah ya yi. Wata uku kafin nan mun je gaisuwar rasuwar wani yaro da irinta ta harba a garkar da ke gaba da mu.

Na ɗauke ta, na kira maigida da muryar da ban san ina da ita ba. Ya fito daga rijiya, laka har gwiwa. Kallo ɗaya ya yi wa ƙafar ya ce, "Ɗauko lulluɓinki."

Inna ta karɓi yarinyar tana tofa mata addu'a. Na shiga na ɗauko lulluɓi da gorar ruwa da katin likitar auta. Na fito na tarar da maigida bisa moto, ya murɗa makulli, yana danna maɓalli.

Shiru.

Ya sake dannawa. Ko tari moton bai yi ba.

"Bismillahi," ya ce, ya kashe, ya kunna, ya danna. Shiru.

Ya girgiza moton, muka ji esansi, wato fetur, yana motsi a tanki. Ya taka kik ɗin da ya san ya mutu, ya zame. Ya ce in tura. Na tura, shi yana bisa, amma ƙasar garka rairayi ce, tayar baya sai jan ƙasa take yi ba ta juyawa. Muka musanya, ni na riƙe kai shi ya tura, moton ya kusa kayar da ni. Na ruga garkar maƙwabta, na tarar da matar kaɗai, mijin ya tafi gari da moto tun safe kai tumatir.

Da na dawo, maigida ya durƙusa ya ciro buji, ɗan ƙarfen da ke kunna wa injin wuta, yana hura masa iska, yana goge shi da bakin riga. Mazan garake duk haka suke. Ko taya ce ta yi faci, sai sun fara ciro buji sun hura.

"Malam," na ce, "bari in kira ƙanena."

"Yana Anou Araren. Daga can zai miƙo hannu?"

"Ko da baki ne."

Ƙanena makaniki ne, yana gyaran motoci a can. A garkarmu wuri ɗaya ake samun rezo na salula, bisa tudun ƙasar da aka haƙo daga rijiya. Muka tura moton har gindin tudun, na hau na kira. Ya ɗauka yana dariya.

"Yaya, yau an tuna da marayu?"

Na gaya masa. Dariyar ta ɗauke.

"Tun yaushe?"

"Minti goma sha biyar, ko ashirin."

"Tana amai?"

"Ba ta fara ba. Gumi take yi, yawu na zuba."

"Bari in kira wani abokina mai kabu-kabu ya kamo hanya. Amma kafin ya zo ku koma, lokaci ya ja. Gara naku ya tashi. Kar ki sauka daga inda kike."

Minti biyu da ya ɗauka kafin ya sake kira, na ji su kamar yini. Daga rumfa ina jin kukan auta ya canja, ya zama gajere, yana yankewa. Na buɗe muryar salula don maigida ya ji.

"Sarkin albasa, me ke hannunka?" in ji ƙanena, haka yake tsokanar maigida.

"Buji."

"Na sani. Mayar da shi, bai yi maka laifi ba."

"Kai, ba lokacin wasa ba ne."

"Ba wasa nake ba. Injin ko juyawa bai yi ba, ina ruwan buji? Mayar. Ka ji, wuta kamar ruwan garkarka take. Daga rijiya take fitowa, ta bi hanya, ta isa fangali. Za mu bi ta mu ga inda ta tsaya. Murɗa makulli. Koriyar fitilar nan ta gaba ta kama?"

"A'a."

"Danna kilakson."

Maigida ya danna. Ba ƙara.

"To, ruwa bai ma fito daga rijiya ba. Ko batir ya mutu, ko hanya ta yanke kusa da shi. Buɗe murfin gefe. Kuna da wani abu da ke aiki da batir? Fitila, rediyo?"

"Akwai bantilater," na ce. Bakina ne ya faɗa, amma a lokacin ne abin ya faɗo mini. Har zuwa wannan minti, wallahi, ban haɗa abin jiya da shirun yau ba. Tunanina duka yana kan ƙafar yarinyar.

Na ruga na ɗauko. Na wuce ta gaban Inna, na ga auta ta yi amai a zanenta, idanunta suna juyawa. Na miƙa wa maigida na koma bisa tudu, ya maƙala bantilater a batir. Ta juya, amma a kasalance, kamar mai ciwon baya.

"Tana juyawa, ba ƙarfi," ya ce. Ya tsaya yana kallonta. "Shekaranjiya na dawo daga gari. Batirin nan cike yake. Ban cika ko salula da shi ba."

Na sauko daga tudun taki biyu, sai na tuna rezo, na koma.

"Malam, ni na cire shi jiya. Na sa wa Inna iska. Wajen mayarwa na juya fil ɗin, ya yi tartsatsi, sai na gyara."

Ya ɗago kai. Shekara ashirin da wani abu muna tare, ban taɓa ganin wannan kallon ba.

"Jiya?"

"Jiya."

"Kina tsaye kina kallona ina hura buji?"

"Ban san shi ne ba."

"Ku bar wannan sai an jima," in ji ƙanena. "Yaya, da kika ga tartsatsi, kin ji ƙara?"

"Na ji. Ƙas."

"Alhamdu lillahi, yanzu mun san gidan ɓarawo. Fizibil ne ya ƙone. Bi fil ɗin da ke kan alamar tarawa. Akwai siriri da ya rabu da mai kaurin. Za ka ga wata ƴar roba fara kamar kwanson gyaɗa. Buɗe ta."

Hannun maigida ga laka, ga gumi. Ya kasa buɗe robar. Na ɗora salular bisa bakin guga a kan tudun, na sauko na sa farce na ɓalle ta. A ciki akwai wata ƴar kwalba siririya, ba ta kai gaɓar yatsa biyu ba, da hular ƙarfe a kowane kai. Na ɗaga ta ga rana. Akwai zare na ƙarfe a ciki, ya tsinke a tsakiya, gilashin ya yi baƙi.

"Ya tsinke!" na ɗaga murya don ya ji.

"Duba cikin murfin, wani lokaci akwai na ajiya."

Babu. Wurinsa yana nan, shi babu.

"Sarkin albasa, kana shan taba?"

"Ka san ba na sha."

"Yau da ta yi rana. Shayi fa? Kwalin shayi, takardar nan mai ƙyalli ta ciki."

Wannan kam ba a rasa ta a garka. Na zazzage ganyen shayin a ƙasa, ban ma nemi kwano ba, na yago takardar. Ƙanena ya ce a naɗe kwalbar da ita daga kai zuwa kai, gefen mai ƙyalli a waje, ninki ɗaya, kar a cika. Ya ce wannan ba gyara ba ne, gada ce ta kwana ɗaya, in aka bar ta wata rana fil ɗin moton ne za su ƙone a madadinta. Na naɗe. Yatsuna sun saba da naɗin ƙullin yaji, ba su ba ni wahala ba. Na mayar na rufe robar.

Maigida ya murɗa makulli. Koriyar fitila ta kama.

"Ta kama!" Ya kai yatsa ga maɓalli.

"Tsaya!" in ji ƙanena. "Ka ji ni da kyau. Batirinka ya sha aiki, abin da ya rage a cikinsa bai fi dannawa uku ko huɗu ba. Kar ka taɓa kilakson, kar ka kunna fitila. Danna sau ɗaya, ka saurara, ka gaya mini abin da ka ji."

Ya danna. Ƙat. Ƙara ɗaya daga ƙarƙashin kujera, koriyar fitilar ta mutu, ta dawo da ya saki.

"Ya ce ƙat, ya tsaya."

"To ruwa ya zo ƙofar fangali, ƙofa ta buɗe, amma bai da ƙarfin shiga. Yaya, da me kika ɗaure kan batir?"

"Da wuƙa."

"Girgiza su ki gani."

Na taɓa na gefen ɗebewa, ya motsa a hannuna kamar haƙorin yaro mai famfara. Ga wani farin gari-gari a kewaye. Ƙanena ya ce a kwance, a kankare har ƙarfen ya yi haske, a ɗaure tam. Maigida ya ciro turnabis, abin murɗa noti, daga ƙarƙashin kujera. Ni na kankare da wuƙar nan dai, shi ya ɗaure. Kawunanmu suna haɗe bisa batir, ba wanda ya dubi wani.

Sai Inna ta taso. Tsohuwar da ba ta iya tafiya daga rumfa zuwa randa sai da sanda, ga ta ta taho cikin rana da yarinya a kafaɗa.

"Hannuwanta sun yi sanyi," ta ce. "Ku yi abin da za ku yi."

Na karɓe ta. Jikinta sharkaf da gumi, yatsunta kuwa kamar an tsoma su a randa. Ta daina kuka, sai wani nishi. Na fi son kukan.

Maigida ya danna. Injin ya juya, gur, gur, gur, da nauyi, bai kama ba. Ya saki.

"Ya juya?" in ji ƙanena.

"Ya juya, bai tashi ba."

"Kar ka sake dannawa. Esansi a buɗe yake?"

"A buɗe."

"Jan maɓallin nan na hannun dama, ba a kashe yake ba?"

"A'a."

Ƙanena ya yi shiru. Shirun nan ya fi komai ba ni tsoro, don tun da aka fara bai rasa abin faɗi ba. Ina tsaye da yarinya a ƙirji, ta gefen da maigida ya durƙusa ɗazu. Idona ya faɗa kan wata baƙar roba mai lanƙwasa tana reto a jikin fil, kusa da injin. Na sha ganin ta a kan buji, ban taɓa ganin ta tana reto ba.

"Malam, hular nan haka take zama?"

Ya leƙo. Ya mayar da bujin ɗazu cikin sauri, ya manta bai sa masa hularsa ba. Ya kama ta ya danna har ta ce ƙyas.

"Me ya faru?" in ji ƙanena.

"Ba komai," in ji maigida.

"Hular buji ce," na ce.

Na ji ƙanena ya ja numfashi, na san akwai magana a bakinsa, ya haɗiye ta. "To. Murɗa hannu kaɗan, ba da yawa ba. Ka yi bismilla."

Gur. Gur. Koriyar fitilar ta dushe har na ce ta mutu. Sai injin ya yi tari, ya sake, ya kama. Hayaƙi ya bugi zanena.

"Kar ka bari ya mutu a hanya!" ƙanena yana ihu daga bakin guga. "In ya mutu ba zai sake tashi ba! In za ka tsaya, riƙe masa wuta!"

Na hau da auta a tsakaninmu, na rufe ta da lulluɓi. Sai da muka yi nisa na tuna salular tana can bisa tudu. Daga baya Inna ta ce ƙanena ya daɗe yana magana shi kaɗai.

Hanyar nan na san ta kamar tsakar gidana, amma ranar kowane gurbin rairayi sai da na ji shi a ƙirji. Wajen tsallake kori tayar gaba ta nutse, injin ya fara shaƙewa. Na diro da yarinyar ban jira an ce mini ba, maigida ya sa ƙafafu ƙasa yana tura moton yana murɗa hannu, ni ina binsu a guje cikin rairayi mai ƙuna, takalmina ɗaya ya tsaya a can. Muka hau tsandauri, na sake hawa. Ina sa kunnena a bakinta ina jin numfashi, ina kiran ta, ba ta amsawa. Kusa da shiga gari muka yi kiciɓis da mai kabu-kabun da aka aiko, ya juya ya bi mu yana buɗe mana hanya da kilakson.

A gidan likita wata ma'aikaciya ta karɓe ta daga hannuna tun daga ƙofa. Ta tambayi ƙarfe nawa aka harbe ta, wace irin kunama. Na faɗa. Ta dubi agogo. Aka yi mata allura, aka sa mata ƙarin ruwa, aka ce mu jira a waje. Muka zauna bisa benci ɗaya, ni da maigida, tsakaninmu wurin mutum biyu. Lakar rijiya ta bushe a ƙafafunsa tana zuba. Da aka kira la'asar ya tashi ya tafi masallaci. Da ya dawo daga masallaci ya ajiye mini takalman roba sababbi a gabana, sun yi mini yawa, ya koma inda yake.

Gab da magariba ma'aikaciyar ta fito ta ce hannuwan sun fara ɗumi, amma za a riƙe ta su ga yadda za ta kwana. Ta ce da mun ƙara jinkiri, da maganar ta zama wata. Maigida ya tafi gidan ƙanwata ya gaya wa yara, ya nemi wanda zai je ya kwana da Inna. Ni na kwana a gefen gadon.

Da safe auta ta buɗe ido ta ce ƙafarta na yi mata tsami, kuma tana son kunu. Na sayo a bakin ƙofa, na ba ta cokali-cokali, ta sha rabin kofi ta koma barci. Da ƙanwata ta zo, na bar ta a wurin. Na je inda maigida ya jingine moton ƙarƙashin bishiya, na buɗe murfin gefe, na ciro ƴar kwalbar da takardar shayinta. Na tafi da ita a hannu har rumfar masu sayar da kayan moto, na ajiye ta bisa tebur, na ce a ba ni irinta guda biyu.